Sunayen da Muke Amsawa da Alamun da Muke Ɗauka

 

An ba ni in yi magana a kan ma'anar alamun da muke amfani da su a ikkilisiya, da asalin kalmomin da muke furtawa a sujada. Wani dattijo zai iya cewa, wannan ai aikin 'yan makarantar tauhidi ne, ina ruwan manomi da Helenanci? Baba, ruwanka ne, domin 'ya'yanmu suna shan tambaya ta fuska biyu. A kasuwa da makaranta ana ce musu Bahaushe ba ya zama Kirista, wannan addinin Nasara ne. A waya kuma saƙonni suna yawo daga waɗansu masu kiran kansu masu bi, wai Allah sunan gunkin wata ne, wai Amin sunan gunkin Masar ne, wai Ista da Lahadi bautar arna ce. Yaron da ba shi da amsa, ko dai ya sunkuyar da kai don kunya, ko ya kwaso rigimar ya kawo mana cikin majami'a. Na san ikkilisiyar da ta kusa rabewa biyu a kan ko za a ce Kristi ko za a ce Almasihu. Mu da ba mu cika benci goma ba a wurare da yawa, ina muka ga ƙarfin rabuwa a kan irin wannan?

To bari mu fara da wannan ɗin. A Isra'ila ta dā, idan za a naɗa sarki ko babban firist, ana zuba masa mai a ka, kamar yadda Sama'ila ya yi wa Dawuda a 1 Sama'ila 16. Wanda aka zuba wa man, da Ibrananci sunansa Mashiya, wato shafaffe. Da aka juya kalmar zuwa Helenanci sai ta zama Kiristos, ita ma shafaffe take nufi. Larabawa suka ce Almasih, Hausa ta karɓa ta ce Almasihu. Saboda haka Kristi da Almasihu kalma ɗaya ce, ɗaya ta biyo ta hanyar teku a bakin Turawa, ɗaya ta ƙetaro hamada tun kafin su zo. Kirista da Bamasihiye duk ɗaya ne. Waɗansu juyin Littafi Mai Tsarki na Hausa suna da wannan, waɗansu suna da wancan, kuma babu wanda ya yi saɓo a cikinsu. Ni dai na fi son Almasihu idan ina magana da maƙwabcina, don ya riga ya san kalmar, hira za ta fara daga inda ya sani. Amma ban yarda a hana wata tsohuwa cewa Kristi ba, alhali da wannan sunan aka yi mata baftisma shekara 50 da suka wuce.

Sunan Kirista kansa, sau 3 kaɗai ya fito a Sabon Alkawari. A Antakiya aka fara kiran almajirai da shi, Ayyukan Manzanni 11:26, sai a bakin sarki Agaribas a 26:28, sai kuma 1 Bitrus 4:16, inda manzo yake ƙarfafa wanda ake tsananta wa saboda sunan kada ya ji kunyarsa. Ku lura, a wuraren nan uku mutanen waje ne suke kiran sunan. Masu bi na farko sun fi kiran junansu 'yan'uwa, ko almajirai, ko tsarkaka, ko masu bin Hanya.

Haka kalmar Nasara. Ta zo mana daga Larabci, kuma masana da yawa suna danganta ta da garin Nazarat, inda Ubangijinmu ya girma. A Ayyukan Manzanni 24:5, lauyan da ya kai ƙarar Bulus ya kira shi jagoran ɗarikar Nazarawa. Wato sunan ya girmi zuwan Bature ƙasarmu da ɗaruruwan shekaru. Da Turawan mulki suka ci Kano da Sakkwato a 1903, sai kakanninmu suka liƙa musu sunan, har zamanin Nasara ya koma yana nufin zamanin mulkin mallaka. A nan ne aka cuɗa mana abu biyu da ba ɗaya ba. Idan aka ce wa ɗanka yana bin addinin Nasara, koya masa ya amsa da fara'a cewa Nazarat ba a Ingila take ba. Kiristocin Masar da Habasha da Siriya da Iraƙi sun yi ɗaruruwan shekaru suna sujada kafin bishara ta kafu a cikin Ingilishi. Kuma sunan har zamaninmu yana da nauyi: a 2014, lokacin da 'yan ta'adda suka kama Mosul a Iraƙi, harafin nun na Larabci, farkon kalmar Nasara, shi suka riƙa shafawa a bangon gidajen Kirista.

Sunan Yesu kuwa daga Ibrananci yake, Yeshuwa, gajeren Yehoshuwa, sunan Joshuwa magajin Musa. Ma'anarsa Ubangiji yana ceto, abin da ya sa mala'ika ya ba da dalilin sunan a Matiyu 1:21. Helenanci ba shi da sautin sha, sai ya zama Iyesus, daga nan ya iso mana Yesu. Larabawa Kirista suna cewa Yasu'u, maƙwabtanmu Musulmi suna cewa Isa. Kada mu manta a ƙasar nan an yi mutanen da ake kira Isawa, almajiran Malam Ibrahim wanda aka kashe a Kano a ƙarni na 19 saboda yadda ya ɗaukaka Annabi Isa. Zuriyarsu ce ta nemi Likita Miller a Zariya a 1913, aka kafa zangon masu bi a Gimi, daga baya aka taru a Wusasa. Da sunan Isa suka fara nema, da sunan Yesu aka yi musu baftisma. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932, Likita Miller yana cikin manyan waɗanda suka yi aikinsa.

Yanzu ga babbar, wato kalmar Allah. Saƙon da ke yawo yana cewa bai kamata Kirista ya furta ta ba. 'Yan'uwa, wannan magana ba ta da tushe. Ibrananci da Aramiyanci da Larabci 'yan gida ɗaya ne, kamar yadda Hausa da Bolanci da Angas suke da kaka ɗaya. Ibrananci yana cewa El, Elowa, Elohim. Aramiyanci, harshen da Yesu ya yi magana da shi, yana cewa Elaha ko Alaha. Larabci yana cewa Ilah da Allah. Kukan da Ubangiji ya yi a kan gicciye a Markus 15:34, da wannan tushen ya kira Uba. Larabawa Kirista sun yi amfani da kalmar kafin Musulunci: akwai rubutu a kan dutsen wata majami'a a Zabad ta ƙasar Siriya, na shekara ta 512, mai ɗauke da ita. Har yau Littafi Mai Tsarki na Larabci Allah yake cewa, mutanen tsibirin Malta ma, waɗanda akasarinsu 'yan Katolika ne, Alla suke cewa. A Maleshiya ma abin juyewa ya yi: hukuma ce ta hana Kirista rubuta kalmar, kotu ta goyi bayan hanin a 2013, sai a 2021 wata babbar kotu ta ce suna da 'yancin amfani da ita. Su suna zuwa kotu don kada a ƙwace musu, mu kuma za mu yar da tamu da hannunmu saboda saƙon waya?

Wanda ya ce gara mu ari kalmar Turanci, ya sani ita ma kakannin Turawa sun kira gumakansu da ita kafin su ji bishara. Teyos na Helenanci da manzanni suka rubuta, da ita Helenawa suke kiran allolinsu. Manzanni ba su gudu daga kalmar ba, cika ta suka yi da koyarwa. Bambancinmu da maƙwabtanmu yana nan, ba ma ɓoye shi: mun gaskata Allah ɗaya ne, Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, kuma Kalman ya zama mutum ya mutu ya tashi. Wannan ne abin da za mu koyar. Canja suna ba zai koyar mana da shi ba. Muna kuma da tamu ta gado, Ubangiji, wato uban gida, mai gida da duk abin da ke cikinsa. Wannan ba mu are ta a wurin kowa ba.

Sauran zan bi ta kansu da sauri. Amin daga tushen Ibrananci take mai nufin tabbata da tsayawa daram, kuma danginta sun cika bakinmu ta hanyar Larabci: imani, amana, aminci, amini. Kamar sautinta da Amun na Masar, kamar kama ce kawai, irin ta fari na launi da fari na rashin ruwa. Lahadi ma'anarta rana ta ɗaya, Asabar kuwa ita ce Shabat ta Ibraniyawa, don haka mai zarginmu da bautar rana saboda sunan Lahadi a Turanci, da Turanci yake rigima, Hausa ta riga ta faɗi abin da Linjila ta faɗa, cewa a ranar farko ta mako Ubangiji ya tashi. Ista sunan Ingilishi ne, wani malamin ikkilisiya mai suna Bede wanda ya rasu a 735 ya ce daga sunan wani wata na kakanninsu ta fito. Ba ta da dangantaka da Ishtar ta Babila. Littafin wani fasto ɗan Sikotilan, Alexander Hislop, na ƙarni na 19 ne ya yaɗa wannan zance. Yawancin Kiristocin duniya Faska suke ce wa idin, daga Fesak, Idin Ƙetarewa.

Wadda na fi ƙauna ita ce Bishara. Idan matarka ta haihu kana gona, yaro ya sheƙo da gudu ya ce albishirinka, kai kuma ka ce goro. To albishir da Bishara uwa ɗaya uba ɗaya ne. Linjila kuma daga Helenanci ta taso, ewangeliyon, labari mai daɗi, Larabci ya mai da ita Injil, Hausa ta manna mata lam a gaba kamar yadda ta yi wa liman da labari da littafi. Mai bishara ke nan yaron nan ne da ya sheƙo da gudu. Idan wa'azinmu ya zama zagi da tsoratarwa tun daga farko har ƙarshe, mu tambayi kanmu, wa zai ce mana goro?

A nan sai in ja kunnen abokan aikina, domin asalin kalma yana da daɗin wa'azi, kuma yana da santsi. Asalin kalma dabam, abin da take nufi a bakin mai magana dabam. Sau nawa muka ji an ce ikon da Bulus ya ambata a Romawa 1:16, dunamis, wai nakiyar dainamait ce? Bulus ya rubuta wasiƙar wajen shekara ta 57, Alfred Nobel kuwa ya yi rajistar nakiyarsa a 1867. Nakiya rushewa take yi, Bulus kuwa ikon ceto yake magana. Haka ikkilisiya. Gaskiya ne a Helenanci an gina kalmar da kira da kuma waje, amma a zamanin manzanni ma'anarta taro ce kawai. A Ayyukan Manzanni 19, taron 'yan hargitsi na Afisa ma da wannan kalmar aka kira shi. Koyarwar cewa mu keɓaɓɓu ne gaskiya ce, amma daga ayoyi za mu ɗauko ta. Abin da kalmar take tabbatar mana shi ne mutane take nufi. Inda aka hana mu fili, ko aka rushe ginin, ko muke taruwa a gindin bishiya, ikkilisiya ba ta ragu da komai ba. Fasto kuma da Latin makiyayi ne, dikon mai hidima ne, ku dattawa sunanku a Helenanci shi ne dai dattijo. Babu sarauta a ciki ko ɗaya.

Mu koma kan alamu. Helenawa suna da al'ada, idan mutum biyu suka ƙulla amana sai su karya wani ɗan abu gida biyu, kowa ya riƙe rabi. Ko bayan shekaru, idan 'ya'yansu suka haɗu suka haɗa, ya dace, an san juna ke nan. Sunan abin simbolon, kuma da wannan suna ikkilisiyar dā ta kira Shaidar Bangaskiya da muke karantawa tare. Mu ma mun san irin wannan. Tsagar gado a fuska tana gaya maka wannan Bagobiri ne kafin ya buɗe baki, makiyayi yana gane saniyarsa da shaidar da ya yi mata, hatimin sarki yana sa takarda ta zama umarni. Amma tsaga ba ta haifi mutum ba, hatimi kuma ba shi ne sarki ba.

Kafin gicciye ya hau kan gine-gine, masu bi sun fi zana kifi, da kurciya, da anka ta jirgin ruwa. Kilemen na Iskandariya, wajen shekara ta 200, ya shawarci masu bi su sa irin waɗannan a zoben hatiminsu. Kifi da Helenanci iktus ne, haruffa biyar, kowane harafi farkon kalma: Yesu, Almasihu, na Allah, Ɗa, Mai Ceto. Wa'azi ne cikakke a cikin zanen da yaro zai iya yi da tsinke. Kama tsakanin zane biyu kuwa ba ta nuna asali ɗaya. Abin wuyan azurfa na Buzaye da ake kira gicciyen Agadas, Turawa ne suka sa masa wannan suna, masu shi suna da nasu sunan.

Gicciye kalmarmu ce ta Hausa, daga gittawa, itace ya gitta itace. A wurin Romawa kuwa abin ƙyama ne, hukuncin bayi da 'yan tawaye. A shekara ta 71 kafin haihuwar Almasihu, bayan tawayen bayi na Sipatakus, an gicciye mutum 6,000 a jere a bakin hanyar shiga Roma. Ga Bayahude kuma wanda aka rataye a itace la'ananne ne, Maimaitawar Shari'a 21:23, abin da Bulus ya ɗauko a Galatiyawa 3:13. A 1857 an tono wani tsohon zane a bango a Roma, na mutum mai kan jaki a kan gicciye, da wani a tsaye yana masa sujada, an rubuta sunansa a ƙasa don ba'a. Wato ba'ar da ake yi wa 'ya'yanmu a makaranta tsohuwa ce. Duk da haka Tatuliyan na Kartaj, ɗan Afirka ta Arewa, ya shaida cewa a farkon ƙarni na 3 masu bi suna zana gicciye da yatsa a goshinsu idan za su fita, ko za su ci abinci, ko za su kwanta.

Abin ya sauya a 312, da Konstantin ya sa alamar Almasihu a garkuwar sojojinsa, haruffan nan biyu na farkon Kiristos. Na farkon yana kama da X, shi ne wanda kuke gani a gajeren rubutun Kirsimeti na Turanci, ba soke sunan Ubangiji aka yi ba. Amma daga lokacin alamar wanda aka kashe ta fara zama tutar masu kisa. A 1095 Fafaroma Urban na biyu ya yi kiran yaƙi, mayaƙa suka ɗinka gicciye a rigunansu, a 1099 suka yi kisan gilla a Urushalima. Maƙwabtanmu ba su manta ba. Shi ya sa daular Usmaniyya ta ƙi jan gicciye na masu agaji a yaƙin 1876 zuwa 1878 ta ɗauki jan jinjirin wata. Ya kamata mu san cewa abin da muke gani mu tuna da gafara, wani yana gani ya tuna da takobi. Ba na cewa mu sauke gicciye daga majami'unmu. Ina cewa matashin da ya ɗaga shi a ranar rikici yana ihu da sanda a ɗaya hannun, Konstantin yake bi, bai bi Wanda aka rataye ba.

Hatsarin da ya fi kusa da mu kuwa a cikin gida yake. Kalmar laya daga Larabci take, al'aya, wato aya ko alama. Ku ga yadda alama take rikiɗa ta zama laya ko a cikin harshe. Na taɓa zuwa gaishe da yaro marar lafiya, na tarar an ɗaura masa ƙaramin gicciye a ƙugu a zare ɗaya da guru, an tura Sabon Alkawari ƙarƙashin matashi, gidan kuwa babu mai karanta shi. Uwar ba muguwa ba ce, tsoro ne, kuma asibiti yana da nisa. Amma ga masu sayar da man shafawa da ruwa da hankici da takardar mannawa a mota, suna cin kasuwa da wannan tsoro. Littafin Ƙidaya 21 ya nuna Allah da kansa ya umarci Musa ya yi macijin tagulla, wanda ya dube shi ya rayu, Yesu ma ya kwatanta kansa da shi a Yahaya 3:14. Amma da Isra'ilawa suka fara ƙona masa turare, sarki Hezekiya ya farfasa shi, 2 Sarakuna 18:4, kuma Nassi ya yaba masa. A 1 Sama'ila 4 sun ɗauki akwatin alkawari zuwa yaƙi kamar maganin ƙarfe, aka kashe su, aka ƙwace akwatin. Idan abin da Allah ya umarta a yi zai iya zama gunki, ina ga kwalbar man da aka sayo a tasha? Alamu biyu Ubangiji ya ba mu da bakinsa, ruwan baftisma da gurasa da ƙoƙon Jibin Ubangiji, kuma babu kuɗi a kan ko ɗaya.

Akwai kalma ɗaya da ta haɗa suna da alama, ita ce shaida. A Helenanci martus mai ba da shaida ne a gaban alƙali. Amma da yake masu shaidar Yesu da yawa sun biya da ransu, kamar Istifanas da Antifas na Wahayin Yahaya 2:13, sai kalmar ta koma nufin wanda aka kashe saboda bangaskiya. Larabci ma haka ya yi, shi ya sa muke da shaida da shahada da shahidi daga tushe ɗaya. A Fabrairun 2015 an yanka mutum 21 a bakin teku a Libiya, 20 Kibɗawan Masar ne, ɗaya mutumin Ghana. Kibɗawa suna da al'adar yin zanen ƙaramin gicciye a wuyan hannu tun suna yara. Zanen bai kare kowa daga wuƙa ba, kuma ba don kariya suke yinsa ba. Waɗansunku a ɗakin nan kun binne naku, ba sai na yi muku dogon bayani ba.

Roƙona ga dattawa guda biyu ne. Idan saƙo irin wancan ya shigo wayar wani, a kawo shi ajin nazarin Littafi Mai Tsarki a duba shi tare kafin a tura wa kowa. A ajin masu shirin baftisma kuma a ware mako biyu don waɗannan kalmomi, Almasihu, Yesu, Allah, Bishara, Amin, yadda kowane sabon mai bi zai iya bayyana su da Hausarsa ko da harshen uwarsa. Shugaba yana nuna mini agogo. Maganar Ɗan Rago da Alfa da Omega, da dalilin da ya sa 'yan'uwanmu na Habasha da Masar suke Kirsimeti a watan Janairu, sai mu bar ta zuwa lokacin tambayoyi bayan abinci.